Gwajin Yuriya: Shaida Ɗaya Ba Ta Yanke Shari'a

A gidaje da dama na ƙasar Hausa, idan aka dawo daga asibiti da takardar sakamakon gwajin jini, ɗalibin sakandare ake fara miƙa wa, tun kafin ranar komawa wurin likita ta zo. Shi ne mai karatun boko a gidan, don haka shi ake sa ran zai warware abin da aka rubuta. Yaro ya karɓi takarda, ya bi ta layi-layi da ɗan yatsa, har ya iso inda aka rubuta yuriya, ga lamba a gabanta, wani lokaci ma an ja mata layi da jan biro. Abin da zai fito daga bakinsa a wannan lokaci yana da nauyi ƙwarai. Idan ya ce ƙoda ta lalace, gida ya rikice ke nan, a kwana ana zullumi a kan abin da wataƙila ruwan gishiri da sukari zai gyara. Idan kuwa ya ce lafiya lau, mai yiwuwa ne mara lafiya ya ƙi komawa asibiti, alhali rabin ƙarfin ƙodarsa ya riga ya tafi.

Ra'ayin da wannan maƙala take ɗauke da shi guda biyu ne. Na farko, gwajin yuriya gwaji ne mai amfani, amma shi kaɗai bai isa a ce ƙoda tana lafiya ko ba ta lafiya ba. Na biyu, ya kamata darasin fitar da dattin jiki da ake koyarwa a ajin nazarin halittu ya wuce zana hoton ƙoda da haddace sunayen sassanta, ya kai ga koya wa ɗalibi ma'anar wannan lamba da kuma iyakarta.

Daga ina yuriya take fitowa?

Duk furotin da mutum ya ci, na nama ne ko na wake ko na ƙwai ko na nono, jiki kan farfasa shi zuwa ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Da su ake gina tsoka da jini da fata. Abin da ya yi saura ba a iya ajiye shi kamar yadda ake ajiye kitse, sai dai a ƙona shi a sami kuzari. Kafin a ƙona shi kuwa, dole a cire masa ɓangaren da yake ɗauke da naitirojin, wanda ya kai kimanin kashi 16 cikin ɗari na nauyin furotin. Wannan ɓangare yana fita ne a matsayin amoniya, ita kuwa amoniya guba ce ga ƙwaƙwalwa ko da kaɗan ce.

Kowace halitta da dabararta. Kifin ruwan daɗi yakan saki amoniyarsa kai tsaye cikin ruwa ta hanyar matatun numfashinsa. Kaza da ƙadangare sukan mayar da ita wani farin sinadari mai kauri, shi ne farin da ake gani a kashin kaji. Mutum da sauran dabbobi masu shayarwa kuwa, hantarsu ce take haɗa amoniya da iskar kabon ta mayar da su yuriya, wadda ba ta da zafin guba kamar amoniya, tana kuma narkewa cikin ruwa da sauƙi. Daga hanta yuriya take shiga jini, jini ya kai ta ƙoda, ƙoda ta tace ta cikin fitsari. Baligi yakan fitar da kimanin giram 20 zuwa 35 a kowace rana.

An daɗe kafin a gane wannan tsari. A shekarar 1773 wani masanin sinadarai na Faransa, Hilaire Rouelle, ya ware yuriya daga fitsari. A 1821 Jean-Louis Prévost da Jean-Baptiste Dumas suka cire wa dabbobi ƙoda a birnin Janiba, sai suka ga yuriya ta taru a jininsu. Wannan ya tabbatar da cewa ba ƙoda ce take ƙera yuriya ba, aikinta fitarwa ne kawai, kuma a kan wannan bincike ne gwajin da ake yi a yau ya ginu. A 1828 Friedrich Wöhler na Jamus ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji ba tare da ƙodar mutum ko ta dabba ba. Sai a 1932 ne Hans Krebs da Kurt Henseleit suka bayyana matakan da hanta take bi wajen ƙera ta. Yuriyar nan dai ita ce farin takin zamani da manomi yake zuba wa masara da shinkafa, ba wata daban ba.

Jini ɗaya, lamba uku

Matsala ta farko ita ce ta ma'auni. A Amurka, nauyin naitirojin da ke cikin yuriya kaɗai ake aunawa, a rubuta shi da haruffan BUN, cikin miligiram a kowace desilita. Lafiyayyen baligi yakan kasance tsakanin 7 da 20. A Ingila da yawancin asibitocin Nijeriya kuwa, yuriyar ake rubutawa gaba ɗaya cikin milimol a kowace lita, kuma abin da aka saba gani shi ne kimanin 2.5 zuwa 7. Wasu wuraren kuma yuriyar suke rubutawa, amma cikin miligiram.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji huɗu ba. Nauyin ƙwayar yuriya 60 ne, naitirojin biyu da ke cikinta kuma 28. Wannan ne dalilin da ya sa ake rubuta 46 a jikin buhun taki, wato kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne. Saboda haka, idan BUN ya nuna 14, a ninka da 2.14 a sami yuriya miligiram 30, ko a raba da 2.8 a sami milimol 5. Jini ɗaya ne, amma ga 14, ga 30, ga 5.

A nan ne haɗari yake. Wanda takardarsa ta nuna yuriya miligiram 30, ya duba wayarsa ya ga an ce iyaka 20 ce, zai ɗauka ajali ya zo, alhali lafiyarsa ƙalau. Wanda tasa ta nuna milimol 15, ya gwada ta da wancan ma'auni na 7 zuwa 20, zai kwanta da kwanciyar hankali, alhali ya ninka iyaka sau biyu. Lamba ba tare da ma'auninta ba tamkar a ce wa mutum hatsi goma ne, ba a faɗa masa mudu ba ne ko buhu.

Abin da ke ɗaga ta ko ya sauke ta ban da ƙoda

Yawan yuriya a jini ya yi kama da yawan ruwa a randa mai huji. Abu biyu ne ke ƙayyade shi: yawan abin da ake zubawa da kuma girman hujin. Wanda ya kalli ruwan kaɗai ba zai iya rantsuwa a kan girman hujin ba.

Ta ɓangaren zubawa, wanda ya cika cikinsa da tsire da balangu kwana biyu a jere, hantarsa za ta ƙera yuriya fiye da kullum. Mai gyambon ciki da ke zubar da jini a cikin tumbi, jikinsa zai narkar da jinin kamar nama, yuriya ta yi sama. Haka ma mai zazzaɓi mai zafi ko wanda ya ƙone, domin jikinsa yana cin tsokarsa. Wasu magunguna, irin su sitiroid da tetirasaikilin, su ma suna ɗaga ta. A ɗaya hannun kuma, mai ciwon hanta ba ya iya ƙera ta yadda ya kamata, wanda ba ya samun isasshen furotin ba shi da abin ƙera ta da yawa, mace mai juna biyu kuma ƙodarta tana tacewa fiye da kullum. Duk waɗannan yuriyarsu takan yi ƙasa.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta ita kanta ƙoda. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya da ake kira nefuron. A yini guda suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, amma lita ɗaya zuwa biyu kaɗai ke fita a matsayin fitsari, sauran duk ana mayar da shi. Wajen mayarwar, kusan rabin yuriyar da aka tace takan bi ruwan ta koma jini. Idan jiki ya bushe, ƙoda takan ƙara tsotse ruwa, yuriya kuma ta ƙara biyo shi. Ke nan a wannan hali hauhawar yuriya alama ce ta ƙoda mai ƙoƙarin ceto mai ita.

A ɗauki misalin mutum biyu. Na farko saurayi ne lebura, ya yini yana haƙa a ranar watan Afrilu, ga shi kuma da gudawa tun jiya. An auna shi, yuriya ta kai milimol 12. Ta biyu tsohuwa ce mai hawan jini na shekaru, abincinta tuwo da miyar kuka, nama sai jefi-jefi. Tata ta nuna 6. Wanda ya dogara da lamba kaɗai zai ce saurayin ne ke cikin haɗari. Gaskiyar magana kuwa, saurayin na iya komawa daidai cikin kwana biyu idan aka mayar masa da ruwan da ya rasa, ita kuwa tsohuwar mai yiwuwa ne cuta ta daɗe tana cin ƙodarta.

Dalilin da ya sa take makara

Ko da an kawar da duk waɗancan abubuwa, akwai sauran aibi ɗaya. Lafiyayyar ƙoda tana tace kimanin mililita 90 zuwa 120 a minti guda. Idan ƙarfin tacewa ya ragu da rabi, yuriyar jini takan ninka sau biyu ne kawai. Mutumin da asalin lambarsa 3 ce, zai koma 6, kuma 6 tana cikin iyakar da takarda ta kira daidai. Rabin aiki ya tafi, amma ba a ja jan biro ba. Sai ƙarfin ya ragu zuwa rubu'i sannan lamba ta kai 12, kowa ya gani.

Shi ma jikin ba ya kuka da wuri. Allah ya hore wa ƙoda rarar ƙarfi, har mutum na iya ba da guda ɗaya ya ci gaba da rayuwarsa. Wannan rahama ita ce kuma take ɓoye cuta. Kumburin fuska da ƙafa, da kasala, da tashin zuciya, da ƙaiƙayin jiki, da ƙarancin jini, galibi ba su bayyana sai an yi nisa. Abin da ya rage a lokacin shi ne wankin ƙoda, wanda aka saba yi sau uku a mako, kimanin awa huɗu kowane zama, ko kuma dashe. Tun 1943 Willem Kolff ya ƙera injin wankin a ƙasar Holan, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002. Amma kowa ya san gidajen da suka sayar da gona da shanu a kan wannan jinya, kuɗi ya ƙare ba a kai ko'ina ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shaidun da ya kamata a haɗa

Shaida ta biyu ita ce kiriyatinin, wani datti da tsoka take fitarwa kusan daidai wa daida a kowace rana. Abinci da ƙishirwa ba su jujjuya shi kamar yadda suke yi wa yuriya, ƙoda kuma ba ta mayar da shi jini. Idan aka gwada su biyun a ma'aunin miligiram, BUN yakan ninka kiriyatinin sau 10 zuwa 20. Idan ya wuce sau 20, likita zai fara tunanin bushewar jiki, ko raunin zuciya, ko zubar jini a ciki. To amma shi ma kiriyatinin da nasa aibin: ɗan dambe mai murɗaɗɗen jiki yana da shi da yawa, tsohuwa siririya kuma kaɗan, ko da ƙarfin ƙodarsu ɗaya ne.

Don gyara wannan ne masana suka fito da lissafin da ke haɗa kiriyatinin da shekaru da jinsi, ya ba da ƙiyasin ƙarfin tacewa, wanda ake rubutawa eGFR. Cockcroft da Gault sun fitar da nasu a 1976, aka sami wasu a 1999 da 2009, sannan a 2021 aka sabunta lissafin aka cire wani ƙari da a da ake yi wa baƙar fata. Idan ƙiyasin ya tsaya ƙasa da 60 har fiye da wata uku, ana kiran wannan ciwon ƙoda mai daɗewa. Ƙasa da 15 kuwa shi ne matakin ƙarshe. Sharaɗin wata uku yana da muhimmanci, domin gwaji ɗaya ba ya bambance abin da ya faru jiya da abin da ya shekara yana faruwa.

Shaida ta uku tana cikin fitsari. Tun 1827 likita Richard Bright ya nuna a Landan cewa masu kumburi da ciwon ƙoda suna zubar da furotin a fitsarinsu, kuma hanyar da ya bi ita ce dafa fitsari a cokali a kan wuta ya ga ya daskare kamar farin ƙwai. A yau ɗan tsinken gwaji ne ake tsomawa, ko a auna furotin ɗin da ake kira albumin. A wurin mai ciwon suga ko hawan jini, wannan yoyo yakan bayyana shekaru kafin yuriya ta motsa. Shaida ta huɗu ita ce awon hawan jini, wanda bai ɗaukar minti biyar.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wasu za su ce, tunda haka ne, a jefar da gwajin yuriya mana. Wannan kuskure ne. Gwajin yana da araha, kusan kowane ƙaramin ɗakin gwaji yana iya yin sa. Abin da ya zama aibinsa wajen auna ƙoda shi ne amfaninsa wajen gano bushewar jiki da zubar jini a ciki. Likitoci suna duba shi don sanin tsananin ciwon namoniya, kuma da shi ake auna ko wankin ƙoda ya yi kyau, inda ake son ya sauka da aƙalla kashi 65 cikin ɗari a zama ɗaya. Shaida ce ta gaskiya, matuƙar an san tambayar da za a yi mata.

Wasu kuma za su ce koya wa yara wannan zai mayar da su likitocin bakin titi, kuma ɗanyen ilimi ya fi jahilci ɓarna. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai takardar ta riga ta shiga hannun yaron, wayar kuma tana aljihunsa, zai fassara ko an koya masa ko ba a koya masa ba. Wanda ya san abubuwa bakwai da ke iya ɗaga yuriya shi ne zai yi jinkirin yanke hukunci, ya ce a koma wurin likita. Ilimin iyakar gwaji shi ne maganin karambani.

Batun kuma ya shafi wannan yanki kai tsaye. Ƙungiyoyin likitocin ƙoda na duniya sun ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 850 ke da ciwon ƙoda. A 2010 aka gano wasu sauye-sauye a ƙwayar gado mai suna APOL1 da ke ƙara haɗarin cutar, kuma sun fi yawa a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma. Ga hawan jini da ciwon suga, ga sikila da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ga shan magungunan kashe ciwo irin su Ibuprofen da Diclofenac ba bisa ƙa'ida ba, ga haɗe-haɗen da ake sayarwa a kasuwa ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Mutanen yankin Gashuwa a Jihar Yobe sun daɗe suna kokawa da yawaitar wannan ciwo.

Abin da ya kamata a yi

Malamin nazarin halittu ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A narkar da cokali ɗaya na takin yuriya cikin kofin ruwa. A niƙa ɗanyen waken suya, a jiƙa, a tace. A raba ruwan takin gida biyu, a zuba wa kowanne ɗan ruwan zoɓo da aka sirka sosai. A zuba wa ɗaya ruwan waken ɗanye, ɗayan kuma wanda aka tafasa. Ba da jimawa ba na farko zai sauya launi daga ja ya yi duhu, zarni ya tashi, na biyu kuwa ya tsaya yadda yake. A cikin waken akwai enzayim mai suna yuriyes da ke mayar da yuriya amoniya, tafasa kuma tana kashe shi. Shi ne enzayim na farko da aka taɓa warewa a tsarkake, aikin da James Sumner ya yi a 1926. Da shi ɗakunan gwaji suke auna yuriyar jini, kuma shi ne ƙwayoyin bakteriya suke amfani da shi su haddasa zarnin makewayi. Malamin lissafi kuma ya ba da aikin sauya ma'auni daga miligiram zuwa milimol. Ranar Ƙoda ta Duniya, wadda ake yi ranar Alhamis ta biyu a watan Maris tun 2006, dama ce ga makaranta ta gayyato ma'aikacin lafiya ya auna hawan jinin malamai da iyaye.

Su kuma ɗakunan gwaji, ya kamata kowace takarda ta fito da ma'auni a rubuce ɓaro-ɓaro, da iyakar da aka saba gani, da kuma ƙiyasin ƙarfin tacewa a gefen kiriyatinin. Lissafin ba ya cin ko kwabo. Mai hawan jini ko ciwon suga kuwa, ya nemi a auna masa jini da fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana jin garau.

Ɗalibin da aka miƙa wa takarda ba a neman ya zama likita. Abin da ake nema shi ne ya duba ma'auni kafin lamba, ya nemi inda aka rubuta kiriyatinin, ya tambaya ko an gwada fitsari, ya tuna ko mara lafiyar ya yi amai ko gudawa kafin a ɗebi jinin. Daga nan sai ya ninke takarda, ya ce wa mutanen gida lallai a koma asibiti ranar da likita ya sa, ko lambar ta yi sama ko ba ta yi ba.